Surukina da Burtalin Barewa

Duk wanda ya shigo gidanmu ranar da surukina ya rasu, da tambaya ɗaya ya shigo. Sai ya yi sallama, ya tuɓe takalmi, ya yi salati, sannan ya rage murya ya ce, "Mota ce?"

Hajiyar da ke sayar da kayan miya a titin High Point ita ta fara. Tun daga bakin ƙofa take kuka, gyalenta na jan ƙasa. "Na sha faɗa, titin nan sai ya ci Baba. Wace mota ce? An kama direban?" Na ce mata ba mota ba ce, Hajiya, a kan gadonsa ya cika, da hantsi, ɗansa na riƙe da hannunsa. Ta dube ni kamar ina ɓoye mata wani abu. Bayanta direbobin tasi 'yan Nijar suka zo, suka cika falo, babbansu ya matsa kusa da mijina ya ce, "Bisa gudro ne, ko?" Gudro shi ne kwalta a bakinsu. Mijina ya girgiza kai. Har maƙwabciyarmu, wata dattijuwa baƙar fata 'yar asalin garin nan, da ta ƙetaro da kwanon abinci a lulluɓe, ce mini ta yi tun da ta ji koke-koke ta leƙa titi tana neman fitilar 'yan sanda.

Ban ga laifin kowa ba. Ni kaina na yi shekaru ina jiran wannan labari daga titi. Duk ranar da waya ta yi ƙara Baba ba ya gida, sai in ce shi ke nan, titi ya ci shi. Tsoron nan na kwana da shi, na tashi da shi, na yi goyo da shi. Yanzu ga shi Allah Ya ɗauke shi a kan katifa, an lulluɓe shi da bargonsa, babu ko ƙwarzane a jikinsa, ni kuma na rasa inda zan ajiye tsoron. Shi ya sa na zauna rubuta wannan, don jikokinsa da ke amsa Hausa da Turanci su san wane ne kakansu. Ba za ku ga sunansa a nan ba. Ban taɓa furta shi yana raye ba, ba kuwa yau zan fara ba.

Mahaifin mijina ne. Daga wani ƙauye a arewacin Maraɗi ya zo Greensboro da niyyar ganin likitan ido ya koma. Ido ya warke, jikoki suka riƙe shi. Ni kuwa 'yar Zariya ce, an tashe ni a kan cewa suruka ba ta zama inda surukinta yake, balle ta haɗa ido da shi. Greensboro ba ta san wannan ba. Gari ne da ko gishiri za ka saya sai ka tada mota, mijina kuma babbar motar kaya yake tuƙawa, yakan yi kwanaki a hanya. Baba ba shi da permi, wato lasin tuƙi, ya kuma rantse ba zai koya ba a garin da titi ya fi gona faɗi. Haka na wayi gari ni ce direbarsa.

Da farko a baya yake zama, daidai bayan kujerata, inda madubi ba zai haɗa mu ba. Mu tafi shiru, mu dawo shiru. Kunyar ta yi mana yawa har na taɓa wuce inda za mu, shi bai ce na wuce ba, ni ban ce mun ɓata ba, sai da muka kusa barin gari.

Zuwan namu kuwa da yawa ne, don Baba shi ne mai yankan jama'a. Duk wanda matarsa ta haihu, ko layya ta zo, ko zai yi sadaka, wurin Baba yake zuwa. A gonakin turawa da ke wajen gari ake sayen rago, a can ake yankawa, kuma kowa ya fi yarda da hannun Baba. Yana da wuƙa mai ƙotar ƙaho da ya zo da ita daga gida, kullum a naɗe cikin wani tsohon rawani. Ba ya wasa ta a gaban dabba, ba ya yanka wata a gaban 'yar'uwarta. Sai ya shafa wuyan rago yana yi masa magana ƙasa-ƙasa har ya lafa. Samari suna dariya su ce Baba na neman gafarar rago. Shi kuwa ya ce, "Awo. Kai ka taɓa ba wani ranka?"

A hanyoyin gonakin nan ya fara ganin barewar ƙasar nan. Suna da girma, sun fi namu, kuma idan ganye ya fara zuba sai su yi ta faɗowa titi da sassafe da gab da magariba. Kullum sai mun ga wadda mota ta buge an bar ta a gefe. Wata safiya ya buɗe ƙofar gaba ya zauna kusa da ni, fuskarsa na kallon taga. Ya ce, "Ɗiyata, ki yi haƙuri. Daga baya ba ni ganin bakin daji." Tun daga ranar kujerar nan tasa ce. Yakan dafa gaban mota da hannu ɗaya, idonsa na bin gefen hanya, can sai in ji, "Sassauta. In guda ta wuce, ta biyu na baya." Sau da yawa kuwa tana bayan.

A ƙauyensu yana cikin dattawan da ke zagaya burtali kafin shuka, su tabbatar babu manomin da ya ci hanyar shanu. Da wannan idon yake kallon Amurka. Idan muka wuce allon nan mai launin ɗorawa da hoton barewa na tsalle, sai ya yi tsaki. "Dubi hwa. Sun san nan ne hanyar bisashe, har sun yi hoto. Allo na tsai da kamiyo, ƙatuwar motar kaya? Sun aza gudro bisa burtalin bayin Allah, sun ce su tsallake. Mutanen ga sun san komi, tausai ne ba su da shi."

Ba barewa kaɗai ba. Ya taɓa sa ni tsayawa saboda kunkuru. Na ce bari in mai da shi cikin ciyawar da ya fito, tunda ita ce kusa. Ya ce a'a, a kai shi inda ya sa gaba, in ba haka ba muna tafiya zai sake hawowa. Ya ɗauke shi da hannu biyu, ya ƙetare kwalta a hankali kamar mai ɗauke da ƙwaryar nono, ni kuwa ina tsaye ina lissafin motar da za ta ɓullo daga kwana. Shi kansa haka yake tsallake titin High Point idan zai je shagon Hajiya sayen goro. Ba ya neman fitila. Sai ya ɗaga sandarsa sama ya shiga, kamar motocin shanu ne za su gane shi. Hajiya ta ce duk ranar da ta hango shi daga taga sai ta rufe ido har ta ji sallamarsa.

Abin da ya dasa mini tsoro har cikin ƙashi ya faru ne ba da daɗewa ba bayan harin jiragen saman nan na New York, lokacin da matanmu suka rage fita, maza suka rage gemu. Mun je yankan ragon suna, muna dawowa gab da magariba, kuloli cike da nama a but ɗin mota, hannun rigar Baba da ɗigon jini. Ni kuma ina da tsohon ciki. Motar da ke gabanmu ta yi wani ƙara, ta karkace, ta daidaita, ta wuce abinta. A gefen kwalta ga barewa kwance, ƙafafunta na baya sun karye, tana ta ƙoƙarin miƙewa da na gaba.

"Tsaya," in ji Baba.

"Baba, nan ba wurin tsayawa ba ne."

"Tsaya, ɗiyata. Tana da rai."

Na tsaya. Ya warware rawanin, ya fita da wuƙa a hannu. Ina kallonsa ya durƙusa, ya danne kafaɗarta da gwiwa, yana shafa mata wuya yana magana kamar yadda yake yi wa raguna. Sai shuɗiyar fitila ta cika motar.

Ɗan sandan saurayi ne, fari, shi kaɗai. Abin da ya gani kuwa na san shi: tsoho mai farin gemu da doguwar riga, jini a hannu, wuƙa tana ƙyalli. Ya fara ihu da Turanci a yar da wuƙa. Baba ba ya jin Turanci in ban da na gode. Ko da yana ji ma, ya riga ya yi bisimilla, ba mutumin da zai bar yanka rabi ba ne. Na ga bindiga ta fito daga kube.

Ban san yadda na fita ba. Na dai tsinci kaina a tsakaninsu, hannuwa sama, ciki a gaba, ina cewa da Turanci tsoho ne, ba ya ji, taimakonta yake yi. Sannan na juya na yi abin da ban taɓa yi ba, na ɗaga wa surukina murya. "Baba, ka yar da wuƙar! Don girman Allah ka yar!" Ya ƙarasa yankansa tukuna. Sannan ya ajiye ta a kan ciyawa. Ajiyewa ya yi, bai yar ba.

Ɗan sandan ya matso da tocila. Ya haska barewar, ya haska Baba, ya sa na buɗe but ya ga kulolin nama, na yi ta bayanin suna da rago. Ya karɓi lasina ya koma motarsa, ya daɗe. Da ya dawo ya sassauto. Ya ce nan gaba mu kira su, su ne ke zuwa su ƙarasa dabbar, kuma ba a ɗaukar naman sai da izini.

"Mi jandarma ya ce?" in ji Baba. Na gaya masa.

"Ce mishi ba nama nike so ba. Ce mishi, kahin su zo, wa zai zamna da ita?"

Ban fassara ba. Na ce wa ɗan sandan mun gode. Muka koma mota. Baba ya naɗe wuƙarsa a rawani, ya ɗora a cinya, ya ce, "Sannu, ɗiyata."

Labari ya zaga gari. Maza suka sa masa Sarkin Barewa, suna tambayarsa yaushe za a ci kilishi. Ni ban ga abin dariya ba. Na gaya wa mijina ya yi wa mahaifinsa magana. Ya shiga ɗakin Baba da niyya, ya fito da goro a baki, an yi hirar damina. Na gane babu mai hana shi sai ni.

Bayan na haihu na yi arba'in, muka koma hanya. Wata safiya muna kan babbar hanyar nan da manyan motoci ke gudu kamar an koro su, sai ga wata barewa kwance a tsakiyar da ta raba hannu biyu na titin, kanta a ɗage, tana motsi. Baba ya ce tsaya. Na danna makullin ƙofofi daga wajena, na ƙara wuta. Ya ja marfin ƙofa, ya ƙi buɗewa. Ya sake ja. Ya juya yana kallon baya har ta ɓace, sannan ya dube ni. Ranar ce farkon da ya haɗa ido da ni, na kuwa so a ce bai haɗa ba.

Na ce, "Baba, in ka fita a nan ba za ka dawo ba. Me zan ce wa ɗanka? Ina da jaririya a gida. Ni ba zan tsaya ina kallo a kwashe ka a leda ba."

Har yau ban ce na yi laifi ba. Da na tsaya a wurin nan, da mu biyu za a yi wa sallah. Na kira 'yan sanda daga gidan mai na gaba, na gaya musu inda take. Amma Baba ya daina cin abincina. Ba faɗa, ba zagi. In na kai tuwo ƙofar ɗakinsa, in dawo in same shi yadda na ajiye, shi kuwa ya jiƙa gari da ruwa ya sha. Ya koma bin direbobin tasi zuwa gona. Su kuma ba su da kunyar suruki, ko sassautawa ba sa yi, sai su ce, "Baba, mita na tahiya." Tsorona ya ƙaru, don na san wata rana zai ce a sauke shi, su kuwa su sauke shi su wuce.

Shi ya zo da kansa. Na fito da kayan wanki na same shi tsaye a jikin motata, ya juya mini baya kamar yana magana da taya.

"Na yi tunani," ya ce. "Tsoronki gaskiya ne. Nawa ma gaskiya ne. Ga yadda za mu yi. In mun tsaya, ki riƙe hannun rigata. Ke ke ganin madubi. In kin saki, in hita. In ba ki saki ba, in zamna, kuma alhakin ba bisa kanki ba."

Suruka ta riƙe rigar surukinta. Da an ji wannan a Zariya da an kira taron dangi. Amma haka muka yi shekaru. Wuƙa ta koma but, ni nake fara kiran 'yan sanda, sannan in kama hannun rigarsa da dama, idona a madubi. A ƙananan hanyoyi nakan saki. Ya fita ya zauna kusa da dabbar, yana shafa ta, wani lokaci har 'yan sandan su zo, wani lokaci ta mutu kafin su iso. A babbar hanya ban taɓa saki ba, shi kuma bai taɓa fizgewa ba.  Duk sakin da na yi, da raina a bakina na yi shi.

Akwai wani ɗan Katsina da ke karatu a jami'ar garin nan, yakan zo cin tuwo ranar Lahadi. Wata rana Baba na cikin zancen nasa na mutanen da ba su bar burtali ba, sai ya ce, "Baba, ai sun bari a wani wuri. Can gabas, hanyar teku, da suka yi sabon titi sun yi wa namun daji hanya ta ƙarƙashinsa. Har shinge suka ja don ya kai su bakin wurin."

Baba ya ajiye loma. "Malam, ƙarya dai ba kyau."

"Wallahi Baba, na wuce ta wurin."

Daga ranar ba mu huta ba. Ya ce sai ya gani da idon da aka gyara masa. Mijina ya samu hutu ya ce zai kai shi, Baba ya ce a'a, direbarsa za ta ja, shi ya zauna baya da yara. Muka tashi bayan asuba, muka yi ta tafiya har tuddai suka ƙare, ƙasa ta shimfiɗe, gonaki da dogayen itatuwa da fadama. Can muka fara ganin dogon shingen waya yana bin titi hagu da dama. Muka sauka daga babban titi, muka bi wata hanyar ƙasa har inda mota ta iya. Mijina ya tsaya da yara, don ya ce in an zo tambaya gara a sami mai takardun mota. Ni aka bar wa rakiyar Baba.

Na ji tsoro a wurin nan fiye da yadda zan iya faɗa. Ban san ko an yarda mutum ya shiga ba. Ciyawa ta kai gwiwa, sauro kamar a kwashe da hannu, ɗan Katsinan kuma ya riga ya gaya mana akwai wata baƙar dabba a dajin da suke kira beya, ƙatuwa, mai iya tsayawa da ƙafa biyu. Muka bi jikin shinge, Baba a gaba da sanda. Sai ga wurin. Titi ya hau sama kamar gada, amma babu kogi a ƙarƙashi, ƙasa ce kawai da laka da ciyawa, faɗinta ya isa garke, kana hango hasken dajin da ke ɗaya gefen. Duk motar da ta wuce a sama sai wurin ya ɗauki ruri, in ji shi a haƙorana.

Na kama hannun rigarsa ba tare da na sani ba.

"Nan ba madubi, ɗiyata. Saki."

Na saki, na bi shi, don tsayawa ni kaɗai ya fi shiga ban tsoro. A tsakiya ya durƙusa. Lakar cike take da sawu, masu shiga da masu fita, kofato manya da ƙanana, da wani faffaɗa mai farce wanda ban tambayi na mene ne ba. Ya sa yatsa a cikin wani ƙaramin sawu da ke bin bayan babba. Ya daɗe a haka. Wata babbar mota ta wuce a kanmu, ƙura ta zubo, bai ɗaga kai ba.

"Shekarar da aka aza gudro bisa burtalinmu," ya ce, "ni da ƙanena muke kiwon shanun babanmu. Shi na gaba, ni na baya. Bai san kamiyo ba. Ya ɗaga sanda, kamar yadda ake yi wa shanu." Ya shafa sawun da yatsa. "Direban bai tsaya ba. Na ɗauke shi na aza bisa ƙahwata, yana da rai, yana kallona. Motocin da sunka zo baya ba su da yawa. Kowace na ɗaga mata hannu. Tun hantsi har rana ta take. Ba wadda ta tsaya, ɗiyata."

Mijina bai san wannan labari ba. Bai ma san yana da baffan da ya rasu yana yaro ba. Ni aka gaya wa, a ƙarƙashin titi, ina waiwayen beya.

Baba ya miƙe da ƙyar, ya dubi shingen, ya dubi rufin kankare. "Wani ya zamna ya tuna da bisashen ga. Ba su biyan shi, ba su gode mishi." Ya share ido da bakin rawani. "Na ci naman mutane shekara da shekaru. Ashe akwai masu tausai cikinsu. Allah shi gahurta mini." A hanyar dawowa ya tambaye ni me ya sa ba a yi irinsa a wajenmu ba. Na ce ban sani ba. Ya ce to, kafin su yi, sai mu ci gaba da tsayawa.

Ciwon ƙirji ne ya kwantar da shi, bai kuwa daɗe ba. Ya daina zuwa gona, ya ba mijina wuƙar. Idan na kai masa kunu yakan tambaye ni ko ganye ya fara zuba. Da na ce ya fara, sai ya ce, "To, ki sassauta hwa. Ba ni nan in gaya miki."

Ranar da ya cika, da aka gama sallar jana'iza aka sa shi a motar gawa, na ɗauki makullina. Hajiya mai kayan miya ta tare ni a ƙofa. "Ina za ki? Mata ba sa raka gawa, kin sani."

"Ba zan shiga maƙabarta ba, Hajiya. A bakin ƙofa zan tsaya. Ni ce direbarsa."

Ta gyara mini gyale ta matsa.

Maƙabartar da ake kai namu a wajen gari take, ta ɗaya daga cikin ƙananan hanyoyin nan da muka sha bi ni da shi. Motar gawa na gaba, tasi-tasi na biye da fitilu a kunne, ni ce ta ƙarshe, ni kaɗai. Ganye ya yi ja yana zuba. Muna shiga daji na ga wata mota da ke tahowa ta ɗaya hannun ta sauka gefe ta tsaya. Ta bayanta ma ta sauka. Ta bayan wannan ma.

 A saninmu ni da Baba, motoci ba sa taruwa a gefen hanya sai an buge wani abu. Na taka birki, idona na bin bakin kwalta yana neman abin da ke kwance, hannuna na dama kuma ya tafi da kansa don ya kama hannun riga kafin a buɗe ƙofa. Iska na damƙa. Hannun ya faɗi a kan kujerar, tana da sanyi.

Babu komai a kwance. Na wuce wata motar gona, wani tsohon bature na tsaye a jikinta, hularsa a ƙirji. Na wuce wata mata da yara a baya, ta sunkuyar da kai. Can gaba ƙatuwar mota ce cike da gumagumai, irin wadda Baba ke kira kamiyo, ta ja gefe tana huci, direban ya dafa sitiyari yana jira. Na san al'adar mutanen yankin nan ce su tsaya wa gawa har ta wuce, na taɓa gani. Ban taɓa kawo wa raina za a yi wa namu ba. Ba su san sunansa ba, ba su san daga ina ya zo ba, bai kuwa ɗaga wa kowa hannu ba.

Na kasa ganin hanya saboda hawaye. Na juya wajen kujerar na ce da ƙarfi, da muryar da suruka ba ta yi wa suruki, "Baba, sun tsaya. Duka sun tsaya."

Har yanzu ina tsoron hanyar nan, musamman gab da magariba, kuma har yanzu hannuna na zuwa dama kafin in tuna. Allah Ya jiƙan Baba, Ya yafe masa, Ya sauƙaƙa masa ƙetare siraɗi. Ya sa in ya isa ɗaya gefen ya tarar da ƙanensa a tsaye, da sandarsa, yana jiransa.